Jenne ko Timbuktu: Zaɓin Matafiyin Kogin Neja Idan Jirgi Ya Iso Mopti

Garin Mopti, inda kogin Bani ya faɗa cikin kogin Neja a tsakiyar ƙasar Mali, mararraba ce ga duk mai tafiyar ruwa a wannan yanki. Wanda ya shiga jirgi a Kulikoro ya gangaro ta Segu, idan ya iso Mopti kuma yana da sauran kwanaki da sauran guzuri, tsofaffin birane biyu ne a gabansa. Ɗaya Jenne, a kudu maso yamma, cikin fadamar Bani. Ɗayan Timbuktu, a arewa maso gabas, a bakin Sahara. A shekara guda, 1988, hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma masu tarihi sukan kira su tagwaye domin da juna suka yi arziki. Sai dai tagwayen ba su yi kama ba, kuma mai ƙarancin lokaci ba kasafai yake iya haɗa su ba. Abin da ke raba gardama abu huɗu ne: yawan ruwa a kogi, yawan kwanakin da mutum yake da su, abin da ya fito nema, sai kuma halin tsaro, wanda tun 2012 ya danne sauran ukun.

Ga mutanen Batsari da Safana a jihar Katsina wannan kogi ba baƙo ba ne, ko da ba su taɓa ganinsa ba. Ruwan saman da ke sauka a yammacin Katsina yana bin gulaben Karaɗuwa da Bunsuru da Gada. Na Gada ya ratsa Jibiya ya shiga Nijar, inda ake kiransa Gulbin Maraɗi, sannan ya komo Nijeriya. Dukansu Rima suke faɗawa, Rima ta haɗu da gulbin Sakkwato, shi kuma ya zube cikin Neja a jihar Kebbi. Ba ruwa kaɗai ya haɗa su ba. A watan Maris na 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya fita daga birnin Katsina ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Safana, ya ratsa daji zuwa Zurmi da Wurno. Ya ƙetare Neja a Say, ƙarshen tafiyar kuma cikin kwale-kwale ya yi shi har mashigar Kabara, ya shiga Timbuktu a watan Satumba na wannan shekara. Kusan wata shida ke nan daga ƙofar Katsina.

Kogin da lokacinsa

Tsawon Neja ya kusa kilomita 4,200. Yana tasowa daga tsaunukan Gini, ƙasa da kilomita 300 daga teku, amma maimakon ya gangara tekun sai ya nufi hamada, ya yi lanƙwasa a kusa da Timbuktu, ya juyo ta Gao da Yamai da Gaya ya shigo Nijeriya ta Yawuri da Jebba, ya haɗu da Binuwai a Lokoja. Tsakanin Segu da Timbuktu ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, saboda haka ruwan yakan bazu ya zama wata irin babbar fadama mai rassa da tafkuna, mafi shahararsu tafkin Debo. Wannan bazuwa tana jinkirta ambaliya. Ruwan da ya sauka a Gini da damina yana cika a Kulikoro wajen Satumba, a Mopti wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, a yankin Timbuktu sai Disamba. Shi ne kuma ruwan da yake isowa Yawuri da Kainji cikin sanyi, bayan ya zubar da lakarsa a hanya, masunta su ce baƙin ruwa ya zo.

Manyan jiragen fasinja na kamfanin gwamnati COMANAV, irin su Général Soumaré da Tombouctou da Kankou Moussa, da wannan cika suke aiki a lokacin zaman lafiya. Daga Kulikoro suke tashi, kimanin kilomita 60 daga Bamako, saboda duwatsun da ke cikin kogin tsakanin garuruwan biyu sun hana jirgi wucewa. Daga can zuwa Gao wajen kilomita 1,300 ne, tafiyar kusan mako guda. Sukan fara a Agusta, su daina hawa sashen sama idan ruwa ya fara ja wajen ƙarshen shekara, sashen Mopti zuwa Gao kuma ya ɗan daɗe fiye da haka. Daga Maris zuwa Yuni kogin yakan janye har a ga tsibiran yashi, sai dogayen jiragen katako masu inji da ake kira pinas, waɗanda Bozo da Somono suka ƙware a kansu, su ma da kyar, wani lokaci sai fasinja sun sauka an tura.

Wannan lissafi yana da nauyi a kan zaɓin, domin Timbuktu ta dogara da kogin fiye da Jenne. Daga Mopti zuwa mashigar Koriyume tafiyar ruwa ce ta wajen kilomita 400, kwana biyu zuwa uku a pinas, ana ratsa Debo da Nyafunke, garin mawaƙi Ali Farka Toure da ya rasu a 2006. Daga Koriyume zuwa cikin gari akwai sauran kilomita 18 a mota, domin birnin ba a bakin ruwa yake ba. Hanyar tudu zuwa Timbuktu ta Duwanza rabinta kwalta ce, rabinta burji da yashi. Jenne kuwa kimanin kilomita 130 ce a mota daga Mopti: a bi titin Bamako, a ratse, a ƙetare Bani a jirgin fito. Ana iya zuwa da safe a dawo da dare, rani da damina.

Jenne

Jenne ta girmi Timbuktu nesa. Kimanin kilomita uku daga garin na yanzu akwai kufan Jenne-Jeno, inda Roderick da Susan McIntosh suka fara tono a 1977. Abin da suka samo ya nuna an zauna wurin tun wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa, ana noman shinkafar Afirka, ana ƙirar ƙarfe, ana ciniki da wurare masu nisa, kuma ya zama babban gari ɗaruruwan shekaru kafin fataken Larabawa su ƙetaro hamada. Wannan bincike ya rushe wata tsohuwar fahimta da ke cewa daga arewa aka kawo wa yankin zaman birni. Wajen 1400 aka ƙaurace wa kufan. Mai ziyara ba zai ga gini a can ba, sai tudu da fasassun tukwane birjik, kuma ɓarayin kayan tarihi sun yi wa irin waɗannan tuddai ɓarna mai yawa.

Abin da ke kai mutane Jenne shi ne babban masallacinta, ginin ƙasa mafi girma a duniya. Abdurrahman al-Sa'adi, mai littafin Tarikh al-Sudan da aka kammala wajen 1655, wanda shi kansa ya yi limanci a Jenne, ya ruwaito cewa sarkin garin Koi Konboro ya musulunta a gaban malamai 4,200, ya rushe fadarsa ya mayar da wurin masallaci. Ana sa wannan a ƙarni na 13. Wancan ginin bai kawo yau ba. Shehu Ahmadu Lobbo na Masina, wanda jihadinsa na 1818 ya biyo bayan na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma ya kafa birnin Hamdallahi, bai gamsu da halin da masallacin yake ciki ba, sai ya bar shi ya lalace ya gina wani mara ado a 1834. Bafaranshe René Caillié da ya ga tsohon a 1828 ya iske tsuntsaye sun cika shi da sheƙa. Wanda ake gani yanzu an gina shi a 1906 zuwa 1907, zamanin Faransawa, a ƙarƙashin sarkin magina Isma'ila Taraore. Har yau masana suna jayayya a kan ko Faransawa sun sa baki a fasalinsa, amma babu mai musun cewa hannun maginan Jenne ne ya ɗora shi.

Masallacin yana kan dandamali mai faɗin kimanin mita 75 kowane gefe, an ɗaga shi mita uku saboda ambaliya. Bangon alƙibla yana da hasumiya uku, kowace da ƙwan jimina a ƙolinta, ta tsakiya ta kai wajen mita 16. A ciki ginshiƙai 90 ne suke riƙe da rufi. Duk maginin Katsina zai gane kayan aikin da kallo ɗaya: tsohon tubalin Jenne da hannu ake mulmula shi ba da ma'auni ba, itatuwan da suka fito daga jikin bango kuma na giginya ne, wato abin da ake yin azara da shi. Ba don ado kawai aka bar su a waje ba, su ne matakala ranar yaɓe. Sau ɗaya a shekara, kafin damina, gari duka yake fitowa. An riga an kwaɓa laka da ƙaiƙayi an bar ta ta ruɓa, samari suna tsere da kwanduna, mata suna kawo ruwa, unguwanni suna gasa, magina suna bisa bango, kafin rana ta yi tsaka an gama. Idan aka yi sakaci ginin yakan nuna: a Nuwamba 2009, ana cikin gyaran da gidauniyar Aga Khan ta ɗauki nauyi, saman hasumiya ɗaya ya rufto bayan ruwa mai ƙarfi. An daɗe da hana wanda ba Musulmi ba shiga ciki, saboda haka Musulmin da ya je yana da rabon da mafi yawan 'yan yawon buɗe ido ba su samu ba, ya yi salla a ciki ya ga ginshiƙan da idonsa.

Masallacin ba shi kaɗai ba ne. Tsohon garin yana da gidajen ƙasa kusan 2,000, da yawa masu bene, kuma dokar kare kayan tarihi ta hana a sake musu fasali. A nan akwai ƙorafi na gaske: mai gida yana son siminti da tayil da bututun ruwa, ana ce masa ya ci gaba da yaɓe kowace shekara don baƙi su gani, baƙin kuma sun daina zuwa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka sa Jenne a jerin wuraren tarihi masu fuskantar haɗari a 2016. Ranar Litinin filin gaban masallaci yakan zama kasuwa, Bozo da busasshen kifi, Fulani da nono da man shanu, Bambara da gero da shinkafa, 'yan kudu da goro. Makarantun allo sun yi yawa a garin, kuma akwai ɗakin ajiyar rubuce-rubucen hannu kusa da masallaci, inda iyalai suke kai littattafansu ajiya, aka ɗauki hoton da yawa da tallafin ɗakin karatu na ƙasar Ingila. Ba daidai ba ne a ce Jenne gini ce kawai, Timbuktu ce mai littafi.

Timbuktu

Buzaye ne suka kafa Timbuktu wajen shekarar 1100 a matsayin zango, inda raƙumi yake sauke kaya jirgi ya ɗauka. Gishirin Tagaza, daga baya na Taudeni mai nisan fiye da kilomita 600 a arewa, yakan iso nan a manyan alluna, a loda shi a jirgi zuwa Jenne. Daga Jenne kuma zinariya da goro da hatsi suke hawowa. Al-Sa'adi ya faɗa a fili cewa albarkacin kasuwar Jenne ne ayari suke zuwa Timbuktu daga kowace kusurwa. Timbuktu gari ne da bai taɓa iya ciyar da kansa ba, abincinsa a jirgi yake zuwa, kuma wannan rauni yana nan har gobe.

Sunan birnin ya fita duniya bayan hajjin Mansa Musa na 1324. A hanyar dawowa ya zo da Abu Ishaƙ al-Sahili, mutumin Garnaɗa ta Andalus, wanda ake danganta wa ginin masallacin Jingarebar na wajen 1327. Sankore da Sidi Yahaya su ne sauran manyan masallatan biyu. Ibn Baɗuɗa ya ratsa garin a 1353 bai ga abin da ya ɗauke masa hankali sosai ba. Ƙarni na 16 ne lokacin ganiyar birnin, bayan Sonni Ali na Songhai ya ci shi wajen 1468, Askiya Muhammadu kuma ya hau mulkin Songhai a 1493 ya girmama malamai. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya ba da labarin cewa ribar littafi a kasuwar garin ta fi ta sauran haja. Abin da ake kira jami'ar Sankore ba makaranta ce mai ofis da ajujuwa ba. Karatun zaure ne, ɗalibi ya zauna gaban malami ya sauke littafi ya karɓi ijaza, tsarin da ake bi a Katsina da Kano da Zariya har yanzu.

Sojojin Maroko ƙarƙashin Judar Basha suka karya Songhai a Tondibi a 1591. An kama manyan malaman garin, aka kai su Marrakesh a 1594, cikinsu har da Ahmad Baba (1556 zuwa 1627), wanda ya ce an wawashe masa littattafai 1,600, kuma sai 1608 ya dawo gida. Daga nan birnin ya yi ta raguwa. Caillié, wanda ya isa a 1828 bayan Turawa sun shafe ƙarnoni suna mafarkin birnin zinariya, tarin gidajen ƙasa ya iske cikin yashi. Wannan abu yana maimaituwa ga baƙi har zamanin nan. Mai zuwa Timbuktu don ya ga abin mamaki da ido yakan dawo a sanyaye. Masallatan ba su kai na Jenne kwarjini ba, yashi ya shiga tituna, siminti ya cinye gefen gari. Darajar wurin tana cikin akwatunan littattafai da hubbarorin waliyyai da ƙofofin katako masu adon ƙarfe da gidajen da aka manna wa allo cewa nan Bature Laing ya sauka a 1826, nan Caillié, nan Barth. Wanda bai san labarin ba, ba zai ga komai ba.

A nan ne Bakatsine ya sha bamban da sauran baƙi, domin shi labarin nasa ne. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), Fulani kuma sun kawo littattafan tauhidi da lugga daga can zamanin Yakubu a ƙarni na 15. Shehu Magili ya zauna Katsina da Kano a farkon shekarun 1490 kafin ya wuce Gao wurin Askiya. Muhammad bin Ahmad al-Tazakhti, da ake wa laƙabi da Aida Ahmad, ya yi karatu a Masar, ya zauna Katsina ya zama alƙali har ya rasu wajen 1529, kuma shi ne masana da yawa suke ɗauka Wali Ɗantakum. Makhluf al-Balbali ya koyar a Timbuktu da Kano da Katsina. Yawancin abin da aka sani game da waɗannan mutane daga littafin Ahmad Baba na tarihin malaman Malikiyya, Nail al-Ibtihaj, ya fito. A wata fatawa tasa ta 1615, Mi'raj al-Su'ud, ya lissafa Katsina da Kano cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. A ƙarni na 19 alaƙar ta bi ta ɗariƙar Ƙadiriyya: gidan Kunta na Sidi Mukhtar al-Kabir, wanda ya rasu a 1811, yana da girma a wurin malaman Sakkwato, kuma jikansa Shehu Ahmad al-Bakka'i ne ya kare Barth a Timbuktu har ya fita lafiya a 1854. Barth ya kuma lura da wani abin ban mamaki na ciniki: tufafin Kano suna isa kasuwar Timbuktu, kimanin kayan raƙuma 300 a shekara bisa ƙiyasinsa, amma ba ta hanyar kogi ba, sai sun zagaya ta Gat da Gadamas da Tuwat, saboda hanyar kusa ba ta da aminci.

Abin da ya faru a 2012 ya taɓa wannan gado kai tsaye. A Afrilu 'yan tawaye da ƙungiyar mayaƙa ta Ansar Dine suka kama garin, daga ƙarshen Yuni kuma suka shiga rushe hubbarori, 14 daga cikin 16 da ke jerin UNESCO. Da sojojin Faransa suka matso a Janairu 2013, masu ficewa suka cinna wa cibiyar Ahmad Baba wuta, aka rasa rubuce-rubuce kimanin 4,000. Mafi yawa sun tsira saboda ma'aikata da iyalai, da jagorancin Abdulƙadir Haidara, sun riga sun kwashe dubban ɗaruruwa a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe zuwa Bamako, wasu a mota, wasu a pinas. Maginan garin sun sake ɗora hubbarorin a 2015, kuma a Satumba 2016 kotun duniya da ke Hague ta yanke wa Ahmad al-Faƙi al-Mahdi ɗaurin shekara tara kan rushe su. Abin da wannan yake nufi ga mai neman ilimi shi ne, kaso mai girma na littattafan Timbuktu ya shafe fiye da shekara goma a Bamako, sai a Agusta 2025 aka fara mayar da wani sashe. Mai bincike ya kamata ya tabbatar inda littafin da yake nema yake kafin ya ɗauki hanya.

Aunawa

Idan aka ajiye maganar tsaro gefe na ɗan lokaci, ta fuskar kwana Jenne ta yi nasara ba gardama. Kwana biyu sun isa: a isa Lahadi da yamma, a ga masallaci fili babu kowa, a wayi gari cikin kasuwar Litinin, a leƙa Jenne-Jeno. Timbuktu tana cin aƙalla mako guda idan aka haɗa zuwa da zama da dawowa, sai dai ga wanda dama Gao jirginsa ya nufa, shi wannan a kan hanyarsa take, amma idan ya sauka ya kwana to sai ya jira jirgi na gaba. Kuɗi ma haka: hayar pinas da mai da abinci na kwanaki, ko kujerar jirgin sama, sun ninka kuɗin motar Jenne sau da yawa, kuma komai ya fi tsada a garin da ake kai wa komai daga nesa. Kuɗin ƙasar sefa ne, irin na Nijar.

Ta fuskar yanayi, Nuwamba zuwa Janairu ne lokacin da ya fi dacewa da biyun: ruwa ya cika, Jenne ta zama tsibiri, zafi ya sauka. A wannan lokaci ne kuma Fulanin Jafarabe, a kan hanyar jirgi kafin Mopti, suke bikin ƙetarar da shanu zuwa makiyayar burgu, abin da duk makiyayin Safana zai so ya gani. Ranar yaɓen masallacin Jenne kuwa cikin bazara take faɗowa, lokacin da manyan jirage suka daina aiki, saboda haka ba ta haɗuwa da tafiyar ruwa. A Afrilu da Mayu zafin Timbuktu yana wuce digiri 40. Maulidi shi ne babban taron garin, kuma tun da yana zagayawa da watan Hijira, sai an duba shekarar da zai dace da cikar kogi. Harshe ba babbar matsala ba ce: garuruwan biyu suna magana da karin Songhai mai dangantaka da Zabarmanci, Fulatanci yana aiki sosai a Jenne da Mopti, Larabci da Buzanci a Timbuktu, Hausa kuma ta fi ƙarfi a gabas, wajen Gao da Ansongo.

Akwai abu ɗaya da Timbuktu take da shi wanda Jenne ba ta da shi, wato hanyar kanta. Kwanakin da ake yi tsakanin Mopti da Koriyume su ne mafi kyawun sashen kogin: bukkokin masunta, dorinar ruwa, tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da sanyi, faɗin Debo da ba a hango gaɓarsa, sannan a hankali ciyawa ta ƙare tuddan yashi su sauko har bakin ruwa. Wanda tafiyar ruwan ce ta fito da shi, zuwa Jenne yanke ta ne, zuwa Timbuktu ci gaba da ita ne.

Tsaro

Duk wannan lissafi na lokacin zaman lafiya ne. Yawon buɗe ido a Timbuktu ya tsaya tun Nuwamba 2011, lokacin da aka kashe wani Bajamushe aka sace Turawa uku a cikin gari. Daga 2015 rikicin ya gangaro tsakiyar ƙasar, yankin Masina da Mopti da kewayen Jenne, ya cakuɗe da faɗan ƙabilanci tsakanin makiyaya da 'yan farauta masu tsaron ƙauyuka. A Agusta 2023 ƙungiyar mayaƙa ta JNIM ta yi wa Timbuktu ƙawanya ta hana kaya shiga. Ranar 7 ga Satumba 2023 aka kai wa jirgin fasinja Tombouctou hari a kan kogi tsakanin Timbuktu da Gao, gwamnati ta sanar da mutuwar fararen hula 49 da sojoji 15 a harin da wani da aka kai sansanin Bamba a rana ɗaya. Rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta bar ƙasar a ƙarshen 2023. Mutanen da ke zaune a bakin dajin Rugu ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da ake nufi idan aka ce hanya ba ta biyuwa.

Hanyar tudu daga Katsina, ta Jibiya da Maraɗi da Birnin Ƙonni da Doso da Yamai da Tilaberi zuwa Gao, tana ratsa yankin iyakoki uku na Nijar da Mali da Burkina Faso, wanda yake cikin mafi haɗari a Afirka ta Yamma. Ƙasashen uku sun fice daga ECOWAS a Janairu 2025, don haka ƙa'idar shiga da fasfo ko katin ƙungiyar abu ne da ake tambaya a ofishin jakadanci kafin tashi, ba a bakin iyaka ba. Kasancewar mutum Musulmi baƙar fata mai jin Fulatanci ba kariya ba ce, a wasu wuraren ma yakan jawo zargi daga masu shingen hanya.

Idan hanya ta buɗe, mai kwana biyu ko uku da ɗan guzuri, wanda yake son ya ga abin da zai ba da labari, Jenne ya kamata ya nufa, ya kuma daidaita zuwansa da Litinin. Malami ko ɗalibin tarihi mai neman tushen karatun Katsina, wanda yake da mako guda ko fiye kuma ya zo tsakanin Nuwamba da Janairu, ya wuce Timbuktu ta ruwa. A halin da ake ciki tun 2023, babu ɗaya cikin biyun da ya cancanci a yi kasadar rai dominsa, kuma dubban shafukan littattafan garuruwan biyu an riga an ɗora su a intanet, ana iya karanta su a waya daga Batsari.